Farin Harshe Ya Sa Na Hana Ɗana Nono

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni malama ce a wata firamare a Jimeta, ban daɗe da aure ba, ga ni da ɗan fari a hannu. Haifaffiyar unguwar Jambutu ce ni, mijina kuwa ɗan cikin garin Yola ne, ma'aikacin gwamnati, muna haya a unguwar Damilu. Duk wanda ya san ni a lokacin zai gaya muku ni mace ce mai baki, ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da biyu ba, kuma ina ji da ɗan bokon nan nawa kamar ni kaɗai aka koya wa. A ofishin malamai in aka ɗauko zancen rashin lafiya ni ce likita, ni ce mai cewa wance ta sha kaza, wance ta bar kaza, alhali ko allura ban taɓa riƙewa ba. Edita, na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cin raina, ban kuwa taɓa samun bakin faɗa wa na kusa da ni ba. Ina roƙo ku sakaya sunana.

Haihuwar ta zo mini da gardama, sai da aka yi tiyata, jini kuma ya zuba da yawa har aka ce sai an yi mini ƙari. Ni ban san inda kaina yake ba a lokacin. Bayan an sallamo mu ne maigida yake ba ni labari, yana dariya, cewa jininsa bai yi daidai da nawa ba, na ƙannensa ma haka, sai a bakin ƙofar asibiti ya samu wani saurayi da bai taɓa gani ba, ya roƙe shi, Allah ya sa nasa ya yi. Na ce Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, na manta da maganar. An ba ni kafso na sha saboda ɗinki, da ya ƙare kuma na ga wurin yana ɗan ruwa, sai likitancin nawa ya motsa, na riƙa aikawa kyamis ana sayo mini wani ina ɗorawa. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, don haka uwar mijina, wadda duk muke kira Dada, ita ta taso daga Yola ta tare a gidanmu don jego. Tsohuwa ce mai kirki, kuma tana son jikan nan nata kamar ta haɗiye shi.

Mun yi arba'in da 'yan kwanaki na fara jin bakina babu daɗi, abinci duk ya koma salam. Wata safiya na tsaya gaban madubi na zaro harshe, sai na gan shi fari fat, kamar an shafa masa kindirmo, har gefen kumatu ta ciki. Na taɓa ganin irin wannan bakin. Ina yarinya a Jambutu akwai wata maƙwabciyarmu da ta daɗe a kwance, ni ake aika in kai mata kunu. Idan ta buɗe baki za ta yi godiya, fari ne tun daga harshe har maƙogwaro. Matan unguwa suna raɗa cewa ƙanjamau ne, an ware mata kofi da kwano, ranar da ta rasu kuwa da ƙyar aka samu masu yi mata wanka. Ina tsaye gaban madubin nan sai maganar saurayin bakin asibiti ta dawo mini. Na ce shi ke nan, an ɗura mini cutar a jini, kuma tun daga wannan safiya ban ƙara samun natsuwa ba.

Babu abin da ban yi wa harshen nan ba. Na dirje shi da burushi, na goga asuwaki, na kankare da bakin cokali har jini ya fito. Na kurkure da ruwan gishiri, na gwada kanwa, na matsa lemon tsami ina hawaye. Ya ɗan yi ja da safe, kafin la'asar ya koma yadda yake. Na je kyamis da kaina na ce a ba ni kafso mai ƙarfi, ban dai buɗe wa mai shagon bakina ba, shi ma bai tambaya ba. Ina shan maganin farin yana ƙaruwa. Na daina dariya a gaban mutane, in zan yi magana sai na kare baki da gefen mayafi. Idan na yi gumi in ce alama ce, a zafin Yola fa, inda ko jaki gumi yake yi. Idan zani ya yi mini sako-sako in ce ga ramar ta fara, na manta cewa ni ce na daina cin abinci. Na duba a waya kuma, duk inda na taɓa sai in ga sunan cutar da nake tsoro a jere da farin harshe, sauran dalilan da aka lissafa kuwa idona ba ya tsayawa a kansu.

Kada ku ɗauka ban san da gwaji ba. Na sani sarai, har na shirya na tafi. Na ce wa Dada zan leƙa makaranta, na hau Keke mai ƙafa uku na nufi wani asibiti. Ɗakin gwajin yana can ƙarshen baranda, da benci a ƙofarsa, duk mai wucewa yana ganin wanda ke zaune. Ina dosowa sai ga uwar wani ɗalibina, ta washe baki tana kirana Malama, tana tambayar mai jiki. Na ce dubiya na zo, na wuce ɗakin kamar ban san da shi ba, na fice ta ɗaya ƙofar. Na sake gwada wani wurin a wani makon, nan ma ƙafata ta ƙi shiga. Jimeta ƙarama ce ga wanda yake koyar da 'ya'yan mutane. Kuma ba maganar gari kaɗai nake tsoro ba. Na zauna na lissafa wa kaina cewa in aka ce ina da ita, dangin mijina ba za su yarda ta hanyar ƙarin jini na samu ba, za a ce da abata na shigo, a ba ni takardata, a karɓe yaron. Gara in mutu ban sani ba, haka na riƙa gaya wa kaina.

Ana cikin haka, wata rana yaron ya gama shan nono ya yi hamma, sai na hango fari a kan harshensa. Na san an ce cutar tana bin nono, don haka na ga ni ce nake shayar da ɗana ajalinsa da kaina, safe da yamma. Na yi ta kallonsa yana barci, ina lissafin cewa wataƙila bai gama kamuwa ba, wataƙila in na cire shi yau ya tsira. Na yanke cewa ba zai ƙara sa baki a jikina ba. Matsalar ita ce Dada. Ba a yaye ɗan wata uku a gaban tsohuwar Bafulatana a ce mata haka kawai aka ga dama. Sai na tuna wata al'ada tasu. Ana tatsar nonon mai jego a ƙoƙo, a jefa tururuwa a ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, nono ya ɓaci, sai a dakatar da yaro har a gyara shi. Tun kafin suna Dada ta so ta yi mini wannan gwajin, na yi mata dariya, na ce ni ba za a auna nonona da ƙwaro ba. Yanzu ni ce na same ta a tsakar gida, na durƙusa, na ce yaron yana yawan murɗa ciki, ko za ta duba mini nonon.

Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce yau dai boko ya sauko. Ta wanke ƙoƙo, na tatsa, ta ce in kamo mata tururuwa a gindin bango tunda idonta ba ya gani sosai. Na kamo guda, kafin in miƙa hannu kan ƙoƙon na ɗan murje ta tsakanin yatsuna, ba sosai ba, yadda dai ba za ta iya iyo ba. Ta ɗan motsa ƙafa a cikin nonon, ta tsaya. Dada ta kai ƙoƙon kusa da ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi salati, ta ce Allah ne ya rufa asiri da na yi magana da wuri. Ta karɓi yaron daga hannuna ta goya shi. Har yau idan na tuna yadda ta riƙa sa mini albarka a wannan rana, wai na ceci jikanta, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar aka koma ba shi madarar shanu da aka sirka da ruwa, maigida kuma ya sayo ta gwangwani da fida. Yaron ya ƙi. Ya yi ta kuka yana juya kai yana neman ƙirjina, in na ɗauke shi ya riƙa cusa fuska a rigata, ni kuwa nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana zuba. Sai in miƙa wa Dada shi in shige banɗaki in tatse a ƙasa, ina kuka yana kuka. Yunwa ta sa daga baya ya karɓi fidar. Lokacin tsananin zafi ne, wuta ba ta zama, ruwan masu kura muke saye, madara in ta ɗan jima sai ta juya. Dada ta dage da gyaran nono, ta jiƙa mini sassaƙe, ta dama kunun kanwa, ni kuwa ina karɓa ina zubarwa a bayan ɗaki. Maigida ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba, mu je likita ya duba nonon. Na taso masa da masifa, na ce ashe bai yarda da uwarsa ba, na ce in ya gaji da sayen madara ne ya fito fili ya faɗa. Mutum ne mai gudun fitina, ya ɗauki hularsa ya fita. Da Dada ta sake gwaji bayan kwanaki, na sake yin abin da na yi, sannan na samu tsohon ɗankwali na ɗaure ƙirjina tam a ƙarƙashin riga har nonon ya ja baya.

Gudawa ta fara masa kaɗan-kaɗan, sai ta koma kamar ruwa, ga amai. Yaron da kumatunsa suke cika hannu ya zube a 'yan kwanaki. Ni kuwa da na ga haka, maimakon in gane madarar ce, sai na ce cutar ce ta bayyana, na makara. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na san in muka je asibiti za a ɗebi jininsa, daga nasa a zo kan nawa. Sai na riƙa ja da lokaci. Na ce haƙori ne, a wata uku fa. Na ce zafi ne, mu ga gobe. Na sayo sirop a kyamis na ɗura masa. Dada ta ga tsakiyar kansa ta faɗa, ta ce maɗiga ce, ta kwaɓa magani ta shafa. Ranar da maigida ya dawo daga ofis da azahar ya tarar yaron yana buɗe baki kuka ba ya fita, idanunsa sun shige ciki, bai yi shawara da kowa ba. Ya saɓa shi a kafaɗa ya fita neman Keke, na bi shi a baya da takalmi wari daban-daban.

A asibiti an sha wuya kafin a samu jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa, sai a kansa aka samu. Wata nas, babbar mace, da ganinta 'yar kudancin jihar nan ce, ta tambaya yaushe rabonsa da nono. Dada, da ta biyo mu asibitin, ta yi mata bayanin tururuwa. Nas ɗin ta kalle ni, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce ta ga alamar na yi makaranta, in gaya mata gaskiya abin da ya sa na cire jariri daga nono. Na sauke mayafin daga bakina kawai na zaro mata harshe. Ta haska da fitilar waya, ta tambayi magungunan da nake sha, na lissafa mata tun daga na tiyata har na makon jiya, na kuma ba ta labarin saurayin da ya ba ni jini. Ta ce ba a ɗaura wa mutum jini sai an gwada shi, ko na uwarsa ne. Ta ce amma tunda wannan ne ya hana ni zaman lafiya, in ba ta izini a yi gwajin yanzu, a ɗakin nan, babu mai ji. Na miƙa mata yatsa. Na ce mata in ta ga ina da ita kada ta gaya mini, ta ceci yaron kawai. Ta ce a'a, ko mene ne ya fito za ta gaya mini, kuma ko mene ne akwai abin yi.

Ba a daɗe ba ta juyo mini da ɗan abin gwajin ta ce ba ni da ita. Na ce ta sake. Ta kai ni ɗakin gwaji da kanta aka sake ɗibar jini, aka rubuto mini a takarda, amsa ɗaya ce. Likita ya duba bakina ya ce wani irin fumfuna ne da kan tsiro a baki idan mutum ya daɗe yana shan kafso barkatai, wato maganin da nake ta ƙarawa shi yake ciyar da abin. Na yaron kuwa, ya ce jarirai da yawa suna yinsa, wani lokaci ma sauran nono ne kawai. Abin da ya fi kashe ni shi ne da nas ɗin ta ce ko da a ce ina da cutar, ba haka ake yi ba, akwai maganin da uwa take sha ta ci gaba da shayarwa, ɗanta ya tashi lafiya. Na koma gadon yaron da gudu, na kwance ɗaurin ƙirjina a gaban kowa, kunya ta fita daga idona. Na sa masa nono a baki. Babu komai sai ɗan ɗigo, shi kuma ba shi da ƙarfin ja. Na yi ta matsawa ina ɗiga masa a leɓe, ina kiran sunansa, ina ba shi haƙuri. Dada tana ja na tana cewa nonon bai gyaru ba tukuna, ni kuwa na ci gaba da matsawa. Washegari bayan la'asar ya cika.

A zaman makoki mata suna ta shigowa suna tausaya mini, wai Allah ya jarrabe ni da ɓacin nono. Dada ta riƙe hannuna tana gaya musu irin ƙoƙarin da na yi, da yadda ni da kaina na nemi a duba. Ina zaune a tsakiyarsu, saboda matsar da na yi ta yi a asibiti, sai na ji gaban rigata ya jiƙe, nonon ya fara dawowa. Na ja mayafi na rufe, na kifa kai a gwiwa, suka ɗauka kukan rashi ne kawai. Harshen kuwa, maganin da likita ya ba ni na shafawa ya wanke shi tas kafin a share makoki. Maigida har gobe bai san komai ba, yana ganin shi ne ya yi sakaci da bai kai mu asibiti da wuri ba, kuma na sha ganinsa ya yi tagumi a kan haka na kasa buɗe baki. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan daga baya, na shayar da su har suka gaji suka bari da kansu, amma babu wanda ya cike mini gurbin wancan.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Ba cutar ce ta shiga gidana ba, tsoronta ne, da girman kan da ya sa na ga gara in yi wa kaina hukunci da in zauna a kan benci wani ya gan ni. Na yi ta gudun abin da mutane za su ce, mutanen nan kuwa sun zo sun yi gaisuwa sun koma gidajensu, 'ya'yansu suna nan. 'Yan uwana mata, musamman masu goyo, da ku maza masu ɓoye damuwa a ciki, farin harshe ba hukunci ba ne, rama ba hukunci ba ce, madubi da waya ba sa gwada jini. In zuciyarku ta ɗarsa wani abu, ku je a duba ku tun ranar, in kuna jin kunyar unguwarku ku tsallaka wata. In an ce babu, kun huta. In an ce akwai, akwai magani, mutane suna nan suna sha suna aure suna haihuwa. Ku daina sayen kafso kuna ɗora wa kanku ba da sanin likita ba, kuma don girman Allah kada wata ta cire jariri daga nono a kan zato. Ni ban je ba sai da ɗana ya kasa kuka, kuma takardar da ta ce lafiyata ƙalau tana dunƙule a hannuna lokacin da nas ta ja zani ta rufe masa fuska.